Na je kasuwar kayan kiɗa ta Frankfurt neman darasi, na dawo da ciwon kai da awon fayif

Jiya ina gyaran sito na ci karo da wata tsohuwar jaka cike da takardun talla, duk sun yi ƙura wasu ma danshi ya manne su da juna. Har na ɗaga zan jefa a kwandon shara sai naga ɗan littafina a ciki, wanda na riƙa rubutu ranar da naje baje kolin kayan kiɗa na Frankfurt, Musikmesse suke ce masa. Zama nayi daɓas a ƙasa na hau karantawa, gyaran siton da ba a ƙarasa ba kenan. Dama akwai ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare a Zariya, tana koyarwa a wata firamare a gida, kwanaki ta turo min saƙon murya kusan minti tara tana ƙorafi wai an ɗora mata darasin al'adu da fasaha, ga kiɗa a cikin manhaja amma makarantar ko gwangwanin madara babu, tace ke da kike Turai ya kuke yi. To ga amsarki nan ƙawata, tayi tsawo, sai haƙuri.

Ga wanda bai sanni ba, ina aiki a wata firamare a birnin Kolon na ƙasar Jamus, ɓangaren ajin yamma, wato bayan an tashi darasin safe yara su ci abinci suyi aikin gida sai a raba su, wasu ƙwallo wasu zane wasu kiɗa. Ni kiɗa aka bani. Ba wai don na iya ba fa, wata rana ce kawai shugabar taji ina yiwa yara waƙar gaɗa ina tafi, shikenan ta yanke hukunci ai ƴan Afirka kiɗa a jininsu yake. Na so in gaya mata a gidanmu in Baba yaji ƙarar ƙwarya ba biki ba suna sai anyi masa bayani, kuma inda na fito kiɗa sana'ar gado ce akwai gidan da ake yi akwai gidan da ba a yi, amma Jamusancina a lokacin bai kai nan ba sai na gyaɗa kai kawai. Da na faɗawa Hajiya a waya shiru tayi sannan tace "yanzu duk bokon nan naki makaɗiya kika zama?" Ranar Asabar kuma ina koyar da Hausa ga yaran mutanenmu da aka haifa a nan, ƴan Najeriya da Nijar da ƴan zangon Gana, su goma sha wani abu, a wani ɗaki da muke aro.

To a farkon Afrilun 2019 dabara ta ƙare min. Wata shida ina juya waƙoƙi huɗu, yara sun gaji nima na gaji. Wata abokiyar aikina tace ki je Frankfurt mana ai satin nan ake yi, kuma shugaba zata ƙirga miki shi a matsayin ranar ƙaro ilimi. Haka kuwa akayi.

Jirgin ƙasa mai gudu daga Kolon zuwa Frankfurt awa ɗaya ne da ƴan mintuna, akwai inda yake taka kilomita 300 a awa, kafin in gama shayin fulas ɗina da burodi da ƙwai har mun iso. Daga babbar tasha da ƙafa na taka, bai fi minti goma sha biyar ba kuma ba a ɓata, don akwai wani dogon bene mai tsini da ƴan garin ke kira fensir, ya haura mita 250, shi zaki sa a gaba. A gindinsa akwai wani ƙaton baƙin mutum-mutumi na ƙarfe riƙe da guduma yana ɗagawa yana saukewa ba ya hutawa. Na tsaya na ɗauke shi hoto na turawa maigida nace ga ɗan uwanka ma'aikaci.

Zauren farko da na faɗa tsautsayi ya kaini na ganguna da jita masu lantarki. Wallahi ban taɓa jin irin wannan ba, ki haɗa kasuwar Kurmi da layin maƙera da masu injin markaɗe ki rufe su a ɗaki ɗaya, kowane rumfa akwai wani saurayi mai dogon gashi yana gwada ƙarfinsa akan ganga kuma babu mai sauraron wani. Minti goma kaina ya fara sarawa. Allah ya taimake ni na samu wata rumfa da ke sayar da abin toshe kunne, a nan matar ta min bayanin da na rubuta a shafin farko na littafin: ƙara in ta kai ma'auni 85 na desibel mutum ya wuni cikinta awa takwas kunne ya fara cutuwa, kuma duk ƙarin 3 sai lokacin ya ragu da rabi. Na tuna ɗakina mai yara 24 kowa da abin bugawa a hannu, nace ashe ciwon kan ranar Talata ba maita bace.

Abu na biyu da na gane da wuri shine wannan taro ba don irina aka shirya shi ba. Kasuwa ce ta dillalai, masu kamfani na neman masu shago da zasu sari kwantena, duk da an buɗe ƙofa ga kowa. A wata rumfa mutumin ya taso da fara'a, idonsa ya sauka kan katin da ke wuyana, da yaji nace malamar firamare ce sai fara'ar ta ragu da rabi ya miƙo min takardar talla da alawa ɗaya ya juya wurin wasu masu kwat. Ban ji haushi sosai ba, kowa da abin da ya kawo shi. Amma daga nan na daina yawon kallo na tsara tambaya guda wadda duk inda na tsaya ita nake yi: yara 24, minti 45, kuɗi kaɗan, wannan abin naka mutum nawa zai riƙe a lokaci ɗaya, in ya faɗi ƙasa ya zai yi, kuma ya zanyi in sa su suyi shiru. Kinga wannan ta ƙarshen babu mai sayarwa ko ɗaya da ya shirya mata amsa.

Wurin fiyano wucewa nayi ina kallo kamar ƴar ƙauye a kantin gwal, akwai wanda kuɗinsa zai gina gida a Samaru har da rijiyar burtsatse. Ɓangaren fitilu da lasifika, wanda baje koli ne daban mai suna Prolight + Sound da aka yi lokaci ɗaya da wannan, leƙawa kawai nayi na fito. Masu manhajar kwamfutar hannu sun riƙe ni kusan rabin awa, abin burgewa ne yaro zai danna ya haɗa kiɗa shi kaɗai da hedifon a kunne, amma ni matsalata yaran nan dama kowa shi kaɗai yake da allonsa a gida, abin da nake so suyi abu tare. Sai kuma ukulele, wata ƴar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu ta tsibirin Hawai, asalinta ƴan Fotigal ne suka kai ta can a 1879. Ko ina ita ce, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, makarantu da yawa a nan suna komawa kanta maimakon sarewar katako da iyayen yaran suka tashi da ita. Naso ta gaskiya. Amma da na lissafa tsirkiya huɗu sau 24, kusan ɗari kenan da zan zauna ina ɗaurewa ina saitawa kafin kowane darasi, sai na ajiye musu kayansu a hankali.

Inda ranar ta fara biyan kuɗin tikiti shine wurin kayan Orff. Carl Orff wani mai tsara kiɗa ne ɗan Munik, an haife shi 1895 ya rasu 1982, shi da wata mata Gunild Keetman suka fito da hanyar koyar da yara kiɗa da har yau ake bi a ƙasashe da yawa, kuma kamfanoni irin su Studio 49 da Sonor ke ƙera kayan. Babban abin cikinsu wani akwatin katako ne da aka jera ƴan sanduna a kai, kowace da muryarta, ana bugawa da ɗan kulki mai kan roba, in kin taɓa ganin balafon na mutanen Mali ko na arewacin Gana to ƙanensa ne. Na iske wata dattijuwa tana gwaji da malamai kusan ashirin a tsaye a da'ira, na kutsa.

Abin mamaki minti goma sha biyar na farko bata bari mun taɓa komai ba. Sunayen ƴaƴan itatuwa ta sa muke faɗa da Jamusanci muna tafi daidai da gaɓoɓin kalmar, sannan ta raba mu uku, waɗannan su riƙe kalma mai gaɓa biyu waɗannan mai uku waɗancan su buga ƙafa, kowa na maimaita nasa ba tsayawa, kafin ki ankara kiɗa ya tashi ba ganga ba komai. Tace ƙa'idar kenan, baki ya fara, jiki ya bi, kayan kiɗa su zo a ƙarshe, karatun alamomin kiɗa a takarda kuma sai can gaba. Ina tsaye ina tafi ina tuna dandalin ƙofar gidanmu da farin wata, mai bayarwa a tsakiya ƴan amshi a kewaye, ba wanda ya taɓa zaunar da mu yace ga darasi. Ba zan ce abu ɗaya bane, nasu an tsara shi mataki-mataki an rubuta an san me za a yi sati na uku, mu kuwa wadda bata iya tafi ba dariya ake mata har ta iya ko ta koma gida da kuka. Wannan tsarin shine abin da na rasa wata shida.

Sai ta zo kan akwatin. Ashe sandunan cirewa ake yi. Ta cire biyu daga kowane bakwai ta bar murya biyar, tace yanzu kowa ya bugi abin da ya ga dama, kuma wallahi duk haukan da muka yi bai yi muni a kunne ba, sabida muryoyin da ke karo da juna su aka cire. Ga malamin da ke da yaro mai tsoron kuskure wannan ba ƙaramin abu bane. Da na dawo gida na gwada waƙoƙin gaɗar da nake tunawa akan murya biyar ɗin, yawancinsu suka zauna daram. A wurinta kuma na samu amsar tambayata ta shiru, ba magana take ba, in ta ɗaga hannu biyu sama kowa ya ɗora kulkinsa a kafaɗa, ta mayar da shi wasa, wanda ya makara shi ya faɗi. Har yau da shi nake amfani, maƙogwarona ya huta.

Gaba kaɗan naga yara ƴan makaranta da aka kawo yawon buɗe ido suna ta dukan cinyoyinsu da wasu bututun roba masu launi. Boomwhackers sunansu, daga Amurka suka fito a shekarun 1990. Bututu ne kawai buɗe ta kai da gindi, dogon yana bada murya mai kauri gajeren siririya, kowace murya da launinta, ja da ruwan lemo da ɗorawa haka dai, sai malami ya nuna launi a allo mai riƙe da shi ya buga. Yaro ɗaya murya ɗaya, waƙa bata fita sai kowa ya jira lokacinsa. Na karɓi ɗaya na buga a cinya na tare bakin da tafin hannu, sai dariya ta kama ni ni kaɗai mutane na kallona, don wannan ai shantu ne. Shantun da gwaggonnina ke bugawa a cikin gida lokacin biki, dogon duma mai huda biyu, a buga a cinya a tare da hannu. An dai yi shi da roba an auna shi da ma'auni an shafa masa fenti an sa masa kuɗi da yuro. Saurayin rumfar ya nuna min wata dabara, in aka toshe gefe ɗaya da murfi muryar sai ta faɗo ƙasa kamar an ninka tsawon bututun. Na ciro tef ɗin awo na tela da kullum yake jakata nace zan iya aunawa? Ya ɗaga kafaɗa yace bismillah, to ba bismillah yace ba amma kin gane.

Na ci abincina a wani benci a waje, na haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ce, ƙafafuna kamar ba nawa ba don zaurukan nan tsakaninsu tafiya ce har da matakala mai tafiya da kanta. Akwai kahon kuma, akwatin katako da ake zama a kai ana buga gabansa da hannu, sunan ma da Sifaniyanci akwati yake nufi, bayin da aka kai gaɓar tekun Peru daga Afirka su suka fara shi. Kujera ce kuma ganga ce, ba sai an nemi wurin ajiya ba, na rubuta a littafi "kafinta zai iya".

La'asar sakaliya na shiga layin da suka kira kiɗan duniya, wato duk abin da ba na Turawa ba a tara shi wuri ɗaya. Jembe, jembe, jembe, ko ina jembe. Gangar mutanen Mali da Gini ce kuma tana da daɗi ban ƙi ba, amma a nan in aka ce gangar Afirka ita kaɗai suka sani, kuma da yawa in kin juya gindinta zaki ga a Indunusiya aka sassaƙa. Babu goge babu garaya babu kuntigi, algaita da kakaki kuwa kar ma a yi zance. Ina cikin wannan mita a raina sai na hango ta rataye a can saman wata ƙaramar rumfa, siririn ƙugu, tsirkiyoyi daga kai zuwa kai, an rubuta da Turanci wai ganga mai magana. Ban san lokacin da nace "kai, kalangu!" da ƙarfi ba. Wani dattijo da ke zaune akan kwali yana cin gyaɗa ya ɗago yace "Hajiya kana jin Hausa?"

Mutumin Gana ne, tashin zangon Kumasi, yana zaune a Hambug, Hausarsa irin ta can wadda mace da namiji duk "ka" ne. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna, ya gida ya sanyi ya aka ji da mutanen nan. Yace su dondo suke ce mata, Yarbawa na da tasu, mutanen Senegal na da ƙarama da suke kira tama. Nace Baba a wurinmu ta mahauta ce da ƴan dambe. Ya sauko da ita ya saƙale a hammata ya ɗauki lanƙwasasshen makaɗin, in ya matse tsirkiya fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauko. Yace faɗi wata magana. Nace "sannu da zuwa". Ya buga ta, kuma na ji ta, ba kalmomin ba amma hawa da saukar, tsaf.

A nan ne ajin Asabar ya faɗo min a rai, don babbar matsalata da yaran da aka haifa a nan ba kalmomi bane, karin sauti ne. Jamusanci ba ya bambanta kalma da hawa ko saukar murya, Hausa kuwa da shi take rayuwa, akwai karin sama akwai na ƙasa akwai faɗau, kuma bama rubuta su. Yaro zai ce wuyansa na ciwo ya faɗe ta da muryar wuya ta wahala. Kuka na hawaye da kukar miya duk ɗaya a bakinsu. Mafi ban dariya Baba, in kin fara ƙasa kin hau mahaifi ne, in kin fara sama kin sauko kin koma kiran uwa ko gwaggo, akwai yarinyar da ta shekara tana kiran ubanta da na biyun shi kuma ya gaji da gyara ya haƙura. Na sha zana kibiya a allo sama da ƙasa basu gane ba. Amma ga abu a hammata da ido ke ganin an matse kunne na jin ya hau.

Na saya. Ban yi niyya ba, kuɗin da na ware na littattafai ne, muka yi ciniki irin na gida yana albarka ina ƙarawa Turawan maƙota na kallonmu, a ƙarshe ya ƙara min makaɗi ɗaya kyauta yace saboda yara. Haka na shigo jirgin dawowa da kalangu a cinya da jakar takardu wadda ban ƙara buɗewa ba sai jiya.

Kar in yi miki ƙarya ince komai ya tafi daidai. A ajin yamma kalangun bai yi aiki ba sam, ganga ɗaya yara 24, rigima ce kawai kowa ni ni ni, sati biyu na mayar da shi gida. Kuma ni kaina ban iya ba, hannuna na hagu baya jin magana, abin da nake iyawa bai wuce kalma mai gaɓa biyu ko uku ba. Amma ga ajin Asabar wannan ɗin ya isa. Ina bugawa sama-ƙasa ko ƙasa-sama, su ɗaga hoton wuya ko su yi fuskar wahala, daga baya su ke karɓa su buga ni in canka. Yarinyar nan ranar da ta gane, uban ya zo ɗaukarta ta kira shi daidai, tsayawa yayi a bakin ƙofa yace sake faɗa.

Baje kolin kuwa ashe na ƙarshe na halarta ban sani ba. Tun 1980 ake yinsa, ko a ranar na ji tsofaffin zuwa na cewa ya ragu wasu manyan kamfanonin jita sun daina zuwa, 2020 korona ta hana, 2021 ma haka, a 2022 masu shi suka ce sun rufe shafinsa. Don haka ko kin samu biza babu inda zan kai ki.

Amma ga abin da ke shafi na bakwai na littafin, shi ya fi miki amfani. Ki samu mai aikin famfo ki roƙi guntayen fayif na roba, mai faɗin kamar santimita 4, a yanka miki da zarto, tsawon santimita 63, 56, 49, 41, 36, da 30. Murya biyar ɗin nan ce da ta farkon ta dawo a sama. Ki sa a yanka da ɗan tsawo sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kina saurare, don ni na farko da nayi na zarce da yanka kuma abin da aka yanke baya dawowa, saiti guda na zubar. A goge bakin da sanfefa kar ya yanki yaro. Kowane tsawo ki naɗa masa salatif mai launi daban, saiti huɗu ya ishi yara 24, naki ajin na san ya ninka haka sai sauran su riƙe tafi da amshi ana musanyawa. Fayif ɗin famfo ya fi na kamfani tauri, kar su buga a cinya balle a kan juna, tsohon silifas zaki ba kowa ya riƙa marin bakin fayif ɗin da shi. Kafin ki raba musu ko ɗaya ki yi sati biyu kuna tafi da baki kawai, ƙosai, dankali, fura da nono, kuma ki koya musu alamar shiru tun ranar farko. In akwai mai kalangu a unguwar mahauta ki gayyato shi rana ɗaya ki bashi na goro, zai yi abin da ni da nawa bamu iya ba. Ki dai fara sanar da hedimasta da malamin ajin da ke jikin naki, ni ban sanar ba, matar har yau in mun haɗu a matakala gaisuwar sama-sama muke yi.